Fitilun Motar Baba

Kunnen Baba ne ya fara tafiya, 'yan shekaru bayan ya yi ritaya daga aikin safiyo na gwamnati, wato awon ƙasa. Ba mu lura da wuri ba, domin dama shi ba mai yawan magana ba ne, kuma tun rasuwar Mama ya ƙara yin shiru. A lokacin ne na dawo gidanmu na Unguwar Dosa da yarana. Mijina yana aiki a Kudu, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, ga shi babu mai kula da Baba sai ƙanena, wanda ko shayi bai iya haɗawa ba. Da na dawo na ga abin ya yi nisa. Sai a yi ta yi masa sallama yana kallon bango. In ana hira a falo ya riƙa bin bakunan mutane da ido, in ya ga an yi dariya shi ma ya yi tasa a makare.

Mun saya masa na'urar nan da ake maƙalawa a kunne. Bai daɗe da ita ba ya cire. Ya ce ba magana take kawo masa ba, ƙarar cokali da kwano take kawowa, da kukan fanka, ga wani fito da take yi a cikin kansa. Ya jefa ta a durowa, ba ta ƙara fitowa ba.

Abin da ya rage masa shi ne motarsa. Tsohuwa ce, ruwan toka, tun yana aiki ya saye ta a hannun wani abokin aikinsa. Kullum in ya idar da sallar magariba sai ya shiga ya nufi Unguwar Sarki wurin amininsa, wani malamin allo da suka taso tare. Su zauna a zaure har a yi isha'i, sannan ya juyo gida. Na taɓa tambayar Malam yadda suke hira da mutumin da ba ya ji. Ya yi murmushi ya ce, "Ai mun gama maganganunmu tun tuni, 'yata. Yanzu zama kawai muke yi."

Ƙanena a lokacin ya gama jami'a yana zaman jiran aiki. Wata Asabar ya karɓi makulli ya ce zai kai motar wanki, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ashe bayan Babbar Kasuwa ya je, wurin masu haɗa kayan sauti. Suka sa mata amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da wani ƙaton akwatin sifika da ya cinye rabin but, da wasu ƙanana a jikin ƙofofi. Ya kuma tara tsofaffin waƙoƙin da Baba yake so, na kalangu da na manyan ganguna, irin waɗanda ake yi wa manoma da mahauta.

Baba ya tsaya yana kallon but ɗin. Ya ce, "Kai kuma, ina zan riƙa sa buhun masara?"

Ƙanena ya kama hannunsa ya zaunar da shi a kujerar direba, ya tayar da inji, ya murɗa. Gilasan tagoginmu suka ɗauki rawa. Ƙaramar 'yata ta toshe kunne ta ruga ɗaki. Shi kuwa Baba a hankali ya ɗora tafin hannunsa a ƙirji.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Uwata, zo ki ji. Kalangu ne."

Kamar mu ba ma ji, alhali har bakin titi ana jin sa. Na zo na tsaya a jikin ƙofar motar, na ga leɓɓansa suna bin waƙar. Rabon da in ga fuskarsa haka tun Mama na da rai.

Watannin da suka biyo baya sun yi mana daɗi, ba zan ɓoye ba. A cikin motar nan yake jin labaran rediyo, a ciki yake jin tafsiri. Sai ya shigo gida da abin faɗa. Ya yi ta mita a kan tsadar taki, ya ja ƙanena da gardamar siyasa. Maƙwabcinmu na hannun dama ya zo sau ɗaya cikin ladabi ya ce jaririnsu ba ya iya barcin rana, sai Baba ya daina kunnawa a tsakar gida, ya koma sai in ya hau hanya. Mutane kan tsaya suna kallo: dattijo da farin gemu da hular zanna bukar a kai, hannu biyu a sitiyari, yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, motar kuma tana dukan ƙasa. Samarin layinmu har ɗaga masa hannu suke yi. Bai damu ba.

Da damina ta kankama ne ya fara ƙorafi. Wata safiya ina zuba masa koko ya ce, "Uwata, hanya tana yi mini duhu. Sai ta yi haske, sai ta dusashe, sai ta dawo. Kamar ana wasa da lagwani."

Mutumin da kunne ya tafi, in ido ma ya bi, me ya rage? A ranar na roƙi wata abokiyar aikina da ta san kan asibitin ido ta samo mana ranar ganin likita. Da na gaya wa Baba sai ya ɓata rai, ya ce shi da ya yi shekaru yana leƙa na'urar awon ƙasa, yana hango sanda daga wancan tudun zuwa wancan, ba shi za a gaya wa ido ba. Na ce to, yau zan bi shi Unguwar Sarki in gani da kaina.

Na tura auduga a kunnuwana na zauna a gaba. An ɗauke wuta a unguwar, hanya ba haske sai na masu shayi da na motoci jifa-jifa. Ba mu yi nisa ba na ga abin. Duk sanda babbar ganga ta sauka, sai hasken fitilun ya ja da baya, ya tattaro zuwa gaban motar, ya yi ja-ja. In ta ɗaga ya sake miƙewa. Har 'yan fitilun da ke gaban direba suna lumshewa tare da kiɗan. Na miƙa hannu na kashe. Haske ya tsaya cak. Na sake kunnawa, ya koma rawa.

Na cire audugar, na kai bakina kunnensa. "Baba! Mota ce! Ba idonka ba ne!"

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya sa na kashe na kunna, na kashe na kunna, yana leƙen titi. Sai ya fashe da dariya, har yana share hawaye da hannun riga. Ni ma na yi ta yi. Da muka isa zaure, tun bai cire takalmi ba ya fara ba Malam labari da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Malam ya ce, "Alhamdu lillahi. Amma da ka je an duba ɗin ma, ba laifi." Baba bai ji ba.

Washegari muka kai motar wurin wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, ni da Baba da ƙanena. Ya sa aka kunna kiɗan, ya ɗora abin awonsa a kan batir, ya kaɗa kai.

"Alhaji, abin da aka sa a but ɗin nan ya fi ƙarfin motar," in ji shi. Da ya ga Baba na kallon bakinsa kawai, sai ya juyo wurina. "Hajiya, akwai abin da ke haɗa wuta in inji na tafiya, yana cika batir, altaneta muke ce masa. Na motar nan ƙarami ne, kuma ya tsufa. Duk sanda ganga ta buga, amfilifaya ne ke zuƙe wutar, fitila sai abin da ya rage take samu. Ko dai a cire kayan sautin, ko a sa babban altaneta da sabon batir."

Na maimaita wa Baba a kunne. Ya ce, "A cire me? Sai dai a cire fitilar."

Aka sa babban altaneta, aka sa batir, aka canja wayoyi zuwa masu kauri. Da magariba ƙanena ya zagaya da ita unguwa da kiɗa a ƙure, ya dawo ya ce ko ƙiftawa fitila ba ta yi. Ranar ganin likita ta zo ta wuce, Baba ya ce a bar wa masu ciwo layinsu.

Ba a yi nisa ba ya sake cewa hanya na yi masa duhu. Muka koma wurin mai wayarin, ya canja ƙwayayen fitila zuwa farare masu kashe ido. Baba ya ce da sauƙi, bayan 'yan kwanaki ya ce an koma gidan jiya. Muka sake komawa. Mutumin ya wanke gilasan fitilun, ya ɗaga su sama kaɗan, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya bai ga komai ba. Baba ya ce bai iya aiki ba ne, ya kai ta wurin wani. Wancan ma ya taɓa abin da zai taɓa ya sallame shi.

Ni kuma a gida na fara ganin wasu abubuwa. Kafaɗarsa na bugun ƙofar ɗaki in zai shiga. Ya yi ta tuntuɓe da buta. In 'yata ta zo ta gefensa ta tsaya, ba ya sanin tana nan sai ta taɓa shi, ya zabura. In zai dubi abu sai ya juya kansa gaba ɗaya. Na sake tayar da maganar asibiti. Ya ce, "Ke da kanki kika gani. Ke kika ce mota ce."

Wanda bai zauna da kurma ba ba zai san wahalar wannan ba. Ba a lallashin mutum da ihu. Duk maganar da za a faɗa a tausashe, a kewaya, a sa "don Allah" a ciki, in aka ɗaga murya sai ta koma faɗa. Ga maƙwabta na ji ta kan katanga, 'ya tana daka wa ubanta tsawa. Sai in fara, in ji muryata, in yi shiru. Shi kuma ya ɗauki makullinsa ya fita.

A kwanar shiga layinmu akwai wata mata mai suyar awara. Ta daɗe a wurin, yarana ma a hannunta suke saye. Wani dare bayan isha'i, ina shanya kayan makarantar yara, na ji wani ƙara, sannan ihu. Na zari hijabi na fita ba takalmi.

Motar Baba ce. Maimakon ta sha kwana ta shigo layi, ta yanke kwanar ta hau kan teburin matar. Kaskon mai ya kife mata a ƙafafu. Tana ƙasa tana birgima, mata na ƙoƙarin cire mata zani, wani na ihu a kawo ruwa, wani na cewa kar a zuba. Ƙanena ya riga ni isa, shi da wasu samari suka ɗauke ta suka sa a keke mai ƙafa uku suka yi asibiti.

Baba yana zaune a ciki, hannuwansa biyu a kan sitiyari. Babu kiɗa. Daga baya ya gaya mini tun a hanya ya kashe shi da kansa, wai don wuta ta ishi fitila. Na buɗe ƙofa na kama hannunsa.

"Fitila ce ta mutu mini, Uwata," yake ta cewa. "Ina zuwa kwana ta mutu. Wa na taka? Fitila ce ta mutu."

Fitilun nan biyu suna kunne. Sun haske katangar gidan da ke kallonmu fes, har ana iya karanta tallan makarantar Islamiyya da aka rubuta a jiki. Mutanen da suka taru suka dubi katangar, suka dubi Baba. Wani dattijo ya zura hannu ya kashe injin.

Matar ta daɗe a kwance. Mu muka ɗauki jinyarta, danginta kuma suka ce ƙaddara ce, ba su kai maganar ko'ina ba. Na riƙa zuwa duba ta in na tashi daga ofis. Ba ta taɓa yi mini maganar da ba ta dace ba, sai ma ta tambaye ni jikin Baba. Ta warke, amma fatar ƙafafun ta ɗaure, ba ta iya daɗewa a zaune kusa da wuta. Ba ta koma suya ba. Daga baya na ji ta koma wurin 'yan'uwanta a ƙauye.

Wannan karon Baba bai yi gardamar asibiti ba. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ta auna idanun, sannan ta zaunar da shi gaban wata na'ura, ta ba shi wani abu a hannu, ta ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Ina tsaye a bayansa. Aka daɗe bai danna ba. Can ya juyo ya ce, "Ba su kunna ba tukuna?"

Ta ce hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ke taruwa yana danne jijiyar gani, yana cin ta daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi, ba ja, har sai ya kusa gamawa mutum ke farga. Na hagu saura kaɗan. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin bututu yake gani da shi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Za ta ba da maganin ɗigawa don a riƙe sauran, iya abin da ya riƙu.

Na ce, "Likita, da mun zo tun farkon damina fa?"

Ta ce, "Shekaru ya yi yana ci, Hajiya. Da an ɗan tsare wani abu, amma ba mai yawa ba." Ta ci gaba da rubutu. "Ki gaya masa ya gama tuƙi."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, mutane cike da benci a waje. Na durƙusa kusa da kunnensa na faɗa. Bai ji ba. Na ƙara murya. Sai da na faɗa yadda duk wanda ke kan bencin ya ɗago kai.

"Na ji," in ji Baba. Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro makullin motar. A keke muka zo, amma ya taho da shi. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Aka gyara gaban motar aka ajiye ta a gindin mangwaron tsakar gida. Da farko kullum da hantsi sai ya lallaba ya shiga, ƙanena ya tayar masa da inji, domin in ba inji kayan sautin kan shanye batir nan da nan. Maƙwabcinmu bai ƙara yin ƙorafi ba. Sai a ga Baba zaune a mota mai ruri, gilasai a rufe, ba ta zuwa ko'ina. Ga man fetur ya zama abin da ya zama. Shi da kansa ya rage, ya koma sai Juma'a.

Ƙanena ya gwada shigar da kayan ɗaki ya haɗa da wutar gida. Wutar ba ta zama, in ma ta zo Baba ya ce ba ɗaya ba ne, a mota kujera ce ke kawo masa gangar ta baya. Aka mayar. Ba a daɗe ba ƙanena ya samu aiki a Legas ya tafi. Ni ban iya mota ba, tayar da ita kawai na koya.

Na kai shi Unguwar Sarki a keke 'yan lokuta. Bai so ba. Ya ce ana jan sa kamar akuya, ga ramuka, ga mutane na gaishe shi bai san ko su waye ba. Malam ya zo mana sau biyu da sandarsa, sannan ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Bayan ƙaramar salla ya rasu. Maƙwabcinmu ne ya riƙe hannun Baba zuwa jana'iza. Da suka dawo bai ci abinci ba, ya ce mini an sa shi a sahu, amma bai san sanda aka yi kabbara ba, sai da na kusa da shi ya taɓa shi ya gane an sallame.

Wata Juma'a na tayar masa da motar na koma kicin. Ban daɗe ba na ji hon. Na zo na same shi ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafa ɗaya.

"Kashe, Uwata," ya ce. "Girgiza kawai nake ji. Ban san wace waƙa ba ce."

Daga ranar bai sake shiga ba. Tayoyin suka sace, ganyen mangwaro ya cika saman, ɓeraye suka cinye wayoyin da aka sa masu kauri. Da wasu masu sayen tsofaffin motoci suka zo, na je na gaya masa. Ya ce in yi yadda na gani. Da igiya suka ja ta suka fita da ita.

Yanzu Baba yana nan da rai. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya, na dama yana rarrabe dare da rana, wani lokaci ya gane mutum ne a tsaye a gabansa. Yini yake a kan darduma da carbi. In lokacin salla ya yi sai in taɓa kafaɗarsa in juya shi gabas. In abinci ne in ɗora hannunsa a bakin kwano. Yarana sun saba, suna wucewa ta gabansa da wasansu kamar ba kowa a wurin, na gaji da yi musu faɗa a kan haka.

A zuwanmu asibiti na baya likitar ta ce ciwon yana bin jini, ya kamata 'ya'yansa su zo a auna su. Na kira ƙanena na gaya masa, ya ce in ya samu sarari zai je, har yau bai samu ba. Ni na je. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce ruwan idona na dama ya hau, kuma jijiyar ta fara nuna alama. Ta ce an kama da wuri, in na riƙe magani zan iya daɗewa ina gani. Na tambaye ta daɗewa kamar yaya. Ta ce wannan ba ta da amsarsa.

Da safe in na ɗiga wa Baba nasa, sai in shiga ɗaki in ɗiga nawa, in zauna a bakin gado ido a rufe har ɗacin ya sauko mini maƙogwaro, sannan in tashi in shirya yara. Ta ce su ma in sun ƙara girma in kawo su.